Yadda tantani ya sha gaban rezin a tace ruwan masana'antu

Ruwan da mutum zai sha ya yi hamdala na iya durƙusar da tashar wutar lantarki. A cikin ruwan rijiyar burtsatse akwai narkakkun ma'adinai irin su kalsiyam da magniziyam da silika, waɗanda ido ba ya gani. Idan aka tafasa shi a tukunyar tururi ta masana'anta, ruwan ya tashi, su kuma su manne a jikin bututu kamar ƙanzo. Daga nan zafi ya daina ratsa ƙarfen sosai, mai ya riƙa ƙonewa a banza, wata rana bututun ya fashe. Shi ya sa matatun mai da kamfanonin magani da masaƙu ke kashe maƙudan kuɗi wajen raba ruwa da gishirinsa.

Tsohuwar hanyar yin haka ita ce ta rezin, wasu ƙananan ƙwayoyin roba da Adams da Holmes suka fara haɗa irinsu a Ingila a 1935. Ana ratsa ruwan ta tankuna biyu. Rezin na farko ya kama kalsiyam da sodiyam ya saki haidirojin, na biyu ya kama kuloraid da salfet ya saki haidiroksaid, abin da suka saki kuma ya haɗu ya zama ruwa zalla. Tsarkin da ake samu ba ya da na biyu. Sai dai rezin yana ƙoshi. Da zarar ya cika, dole a tsayar da shi a wanke da asid da soda mai cin hannu, kuma gwargwadon gishirin ruwan, gwargwadon yawan wankin. Ke nan kullum ana sayen sinadari, ana adana shi cikin haɗari, ana neman inda za a zubar da dagwalonsa.

Kishiyarsa, wadda injiniyoyi ke kira RO, ba ta musayar komai. Famfo ne ke matsa ruwa da ƙarfi ta cikin wani siririn tantani, ruwan ya wuce, kashi 95 zuwa 99 cikin ɗari na gishirin ya tsaya. Sidney Loeb da Srinivasa Sourirajan ne suka samar da tantanin farko mai amfani a Jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjelis wajajen 1960, garin Coalinga kuma ya fara shan ruwan irin wannan tasha a 1965. Abin da ya buɗe kasuwar sosai shi ne tantanin poliyamaid da John Cadotte ya ƙirƙiro a ƙarshen shekarun 1970, wanda har yau shi ake yayi.

Dalilin rinjayen RO na farko lissafi ne. Kuɗin tafiyar da rezin yana hawa tare da yawan gishiri, na RO kuwa hawansa a hankali yake, don haka duk inda ruwa ke da zartsi sosai, tantani ne ke da riba. Ruwan teku, mai gishiri kusan giram 35 a kowace lita, rezin ba ya ma tunkararsa. Na biyu, an samu na'urorin da ke ƙwato ƙarfin matsi daga ruwan da aka ware su mayar wa famfo, har wutar da ake buƙata ta sauko zuwa kilowat-awa 3 zuwa 4 kan kowace lita dubu ta ruwan teku. Sannan kamfanoni sun daidaita girman tantanin, ta yadda na wannan kamfani zai shiga gurbin na wancan, farashi ya karye. Dokokin hana zubar da dagwalon sinadarai sun ƙara ingiza masana'antu zuwa wannan ɓangare.

An fi ganin sakamakon a gaɓar teku. Ƙasashen Larabawa na Tekun Fasha, da suka daɗe suna tafasa ruwan teku su tara tururinsa, yanzu tasoshin RO suka fi ginawa. Ta Taweelah a Abu Dhabi kaɗai tana iya fitar da sama da lita miliyan 900 a rana. Singafo kuwa, tun 2003, tana tace ruwan da ya fito daga magudanai da tantani, kuma masu ƙera ƙwaƙwalwar kwamfuta na cikin manyan masu sayensa.

Amma wanda ya ce rezin ya mutu ya yi gaggawa. Ɗan gishirin da ke tsallake tantani, da iskar kabon da ke ratsa shi, sun isa su lalata injin tururi mai matsi sosai ko su ɓata kayan lantarki masu laushi. Abin da ya faru a zahiri sauyin matsayi ne: RO ta yi aikin ƙarfi a gaba, rezin ya share ragowar a baya, wankinsa ya ragu matuƙa. Wasu ma sun koma wa na'urar EDI, wadda ke farfaɗo da rezin da wutar lantarki ba tare da asid ba.

RO ma tana da nata illolin. A ruwan teku, fiye da rabin abin da aka zuƙo yakan koma a matsayin ruwa mai kaurin gishiri. Wani bincike na 2019, wanda masanan Jami'ar Majalisar Ɗinkin Duniya suka shiga, ya ƙiyasta cewa tasoshin raba ruwa da gishiri na duniya na fitar da kusan mita-kubik miliyan 142 na irin wannan ruwa a rana, alhali mai daɗin da suke samarwa miliyan 95 ne. Tantanin kuma ba ya jure sakaci: kulorin yana cinye shi, laka da ƙwayoyin cuta suna toshe shi, don haka sai an fara tace ruwan da yashi da gawayi.

Wannan lissafi ya shafi masu ruwan leda da masana'antun Sharaɗa da Bompai da Challawa kai tsaye. RO ta rage dogaro da sinadari ne ta ɗora shi a kan wuta, kuma inda wutar ke nufin janareta da dizal, ribar da aka lissafa a Turai ba lallai ta fito ba. Mai rijiyar da gishirinta kaɗan ne zai iya samun sauƙi da rezin. Mai ruwa mai zartsi ba shi da makawa sai tantani. Kafin a sayi ko wanne, gwajin ruwan rijiyar a ɗakin bincike ne zai nuna inda kuɗin zai tafi, da kuma lita nawa za a riƙa zubarwa a kwata kowace rana.