Ruwan da ya kewaye duniya ya ƙare a cikin ƙamus

Duk wanda ya san fadamun kogin Gari a wajejen Roni da Kazaure ya ga yadda ruwan Agusta yake yi in ya tarar da tudu. Sai ya rabu biyu, ya bi ta kowane gefe, ya sake haɗewa a gaba, ya bar gonar gero da 'yar bukka a tsakiya sun zama tsibiri. Turanci yana da kalma guda ta irin wannan gudu, circumfluent, wadda ko a Ingila ba kasafai ake jin ta ba. Daga Latin aka aro ta: circum, wato kewaye, da fluere, gudana. 'Yar'uwarta circumfluous ta fito a doguwar waƙar John Milton ta 1667, inda yake siffanta ruwan da ya zagaye duniya lokacin halitta.

Tunanin kuwa ya girmi Milton nesa ba kusa ba. Girkawan dauri sun ɗauka ƙasa shimfiɗaɗɗiya ce kamar faifai, wani ƙaton kogi mai suna Okeyanos yana gudana a bakinta ba tsayawa. Masanin tarihinsu Herodotus ya musa, ya ce shi bai san wani kogi haka ba. Larabawa suka kira wannan ruwa Baharul Muhiɗ, teku mai kewayewa, kuma yana nan zagaye da ƙasashe a taswirar da Idrisi ya kammala a Sisili a 1154.

Ga inda zancen ya iso ƙofar gidanmu. Masana harshe suna ganin Okeyanos ɗin nan ne ya rikiɗe a bakin Larabawa ya zama ƙamus, ma'ana teku mai zurfi. Fairuzabadi, wanda ya rasu a Zabid ta Yaman a 817 Hijira, ya raɗa wa littafinsa na kalmomi suna Alƙamusul Muhiɗ. Littafin ya yi farin jini har sunansa ya zama na kowane littafin kalmomi, malamanmu na zaure suka karɓa, Hausa ta riƙe.

Abin da ke damuna shi ne yaranmu suna haddar manyan kalmomin Turanci don jarrabawa kawai, ba a tona musu saiwa. Malaman makarantun Babura da Gwiwa, don Allah in an koyar da kalma a riƙa faɗin inda ta fito.