Wa ya gwada fawa bank ɗin da ke aljihunka?

Daga ranar 28 ga Yunin 2025, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta China ta hana fasinjan jirgin cikin gida shiga da fawa bank marar tambarin CCC, ko wanda tambarinsa ya goge, ko wanda kamfaninsa ya janye shi daga kasuwa. Dokar ta shafi ɗan kasuwarmu da zai sauka Guangzhou ya hau jirgin Yiwu, kuma ba a rasa masu cewa dabara ce ta tilasta wa mutane sayen sabo. Sai dai a Janairun shekarar jirgin Air Busan ya kama da wuta a filin jirgin Gimhae na Koriya ta Kudu, bincike kuma ya karkata ga fawa bank da ke ma'ajin kaya na saman kujeru. A watan Yuni kamfanin Anker ya janye fawa bank sama da miliyan ɗaya a Amurka.

Abin da ake tsoro shi ne wanda masu gyara ke kira shot, wato ɓangaren fozitif ya haɗu da negatif kai tsaye. Batir kamar madatsar ruwa yake, irin ta Tiga. Waya na jan ruwan kaɗan-kaɗan ta siririyar magudana. Idan makulli ko kwabo ya haɗa bakuna biyun a cikin jaka, an wangale ƙofar madatsa ke nan, ruwan yini guda ya nemi fita cikin daƙiƙu, kuma a batir wannan ambaliya zafi take zama. Shi ya sa ake sa ɗan ƙaramin allon kariya da zai datse ƙofar nan take.

Gwajin wannan kariya ba na wasa ba ne. Ƙa'idar Majalisar Ɗinkin Duniya ta jigilar batirin lithium, UN 38.3, tana da gwaji 8, na biyar shi ne na shot. Ana ɗumama batir zuwa kusan digiri 57, a haɗa bakunansa da waya mai barin wuta ta wuce kusan ba tangarɗa, a bar shi haka har awa guda bayan zafinsa ya sauko, sannan a zuba masa ido awa 6. Idan jikinsa ya wuce digiri 170, ko ya tsage, ko ya kama wuta, ya faɗi. Hukumar ƙa'idojin lantarki ta duniya, IEC, mai mazauni a Geneva, wadda aka kafa a 1906, ta ƙara tsanantawa a ƙa'idarta ta IEC 62133-2: da gangan ake lalata ɗaya daga cikin kayan kariyar, sannan a yi shot ɗin. Ana so a ga ko akwai kariya ta biyu ranar da ta farko ta yi barci. A nan ne kayan araha ke tonuwa, domin abu na farko da mai neman rage kuɗi ke cirewa shi ne wanda mai saye ba ya gani.

Akwai kuma shot ɗin da ƙofa ba ta maganinsa, wanda bangon madatsar da kansa ke tsagewa daga ciki. Tsakanin fozitif da negatif a cikin batir akwai wata 'yar fatar roba da ba ta kai kaurin gashin kai ba. Ita ta tona asirin Galaxy Note 7 a 2016. Samsung ya janye wayoyi kusan miliyan 2.5, ya musanya su, sababbin ma suka riƙa kamawa. A Janairun 2017 ya bayyana cewa a batirin farko ƙarfen ciki ne ya lanƙwashe a kusurwa, a na biyu kuma tsinin walda ne ya huda fatar. Kamfanin da ke da ɗakunan gwaji na kansa ke nan. Ina ga fawa bank marar suna da ya sha faɗuwa, ya kumbura, ana kuma kwana da shi ƙarƙashin matashi?

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda mai shago ke juya kwali ya nuna maka harufan CE, ya ce ai Turai ta gwada. A kayan lantarki irin su caja, babu wani jami'in Turai da ke buga wannan tambari. Mai ƙera kayan ne ke sa shi da kansa, a matsayin alkawarin cewa ya bi dokokin Tarayyar Turai, kuma zai fito da takardu idan an tambaya. Kamfanin kirki yana yin gwajin, na banza kuwa kuɗin tawada kawai ya kashe. CCC ya bambanta, domin sai ɗakin gwaji da gwamnatin China ta amince da shi ya gwada, a kuma duba masana'anta. Ko a nan ma samfuri ake gwadawa, ba kowane ɗaya da ya fito daga inji ba, don haka idan aka sauya batirin ciki bayan karɓar takarda, tambarin yana nan daram.

A Najeriya hukumar SON na da tsarin SONCAP tun 2005, wanda ke neman takardar inganci kafin a shigo da irin waɗannan kaya. A rubuce babu laifi. Amma duk wanda ya zagaya kasuwannin waya ya san yadda kwali marar adireshin kamfani ke zaune a sarari, da alkawarin ƙarfin da girman abin ba zai iya ɗauka ba, ba kuma mai ce masa uffan.

Mai shigo da kaya ba shi da uzurin jira sai hukuma ta farka. Tun 1 ga Janairun 2020 ƙa'idar jigila ta wajabta wa masu ƙera batirin lithium da dillalansu su samar da taƙaitaccen rahoton gwajin UN 38.3, mai ɗauke da sunan ɗakin gwaji, lambar rahoto, kwanan wata da lambar samfurin. Alhajin da ke iya ɓata rabin yini yana tayi a kan yuan ɗaya zai iya neman wannan takarda, ya duba ko lambar da ke cikinta ta yi daidai da ta kwalin da ake loda masa.