Idan Ruwa Ya Kama Ku da Matasa a Daji

Babban hutun makaranta a nan Kamaru yana faɗawa a tsakiyar damina. Daga Yuni zuwa farkon Satumba yara suna gida, kuma a lokacin ne ikkilisiyoyi da ƙungiyoyin matasa suke shirya zango: kwana uku ko huɗu a daji, ana nazarin Littafi Mai Tsarki, ana waƙa, ana hawan dutse. Masu kula da yaran ba likitoci ba ne. Wani malamin makarantar Lahadi ne, wani ɗalibi ne da ya zo hutu, wata kuma uwa ce daga zumuntar mata. Duk sun ba da kansu ne ba don kuɗi ba. Da ku nake magana a wannan ɗan littafi.

Kowa ya san tsoron maciji da na sauro. Abin da ba a cika tsoro ba shi ne sanyi, domin muna ganin ƙasarmu ƙasar zafi ce. Amma Ngaundere tana kan tudun Adamawa, sama da mita 1,000 daga bakin teku, kuma da dare a damina sanyi yakan sauka ƙasa da digiri 20. Ga mai busasshiyar riga wannan ba kome ba ne. Ga yaron da ruwa ya yi wa dūka tun la'asar, iska tana kaɗa shi, cikinsa ba abinci, magana ta sha bamban. Ruwa yana janye ɗumin jiki da sauri fiye da iska ninki ashirin da wani abu. Jikin mutum yana aiki a digiri 37. Idan ya sauka ƙasa da 35, ƙwaƙwalwa da zuciya sun fara tangarɗa. Yaran da suka taso a Garwa ko Marwa, inda zafi ya yi yawa, su ne suka fi zuwa mana da riga ɗaya ƙwal, domin ba su san irin daren da ke jiransu ba.

Wata asuba a watan Agusta aka kawo mana wani yaro ɗan shekara 14 a bayan babur, mutum biyu sun sa shi a tsakiya. Saurayin da yake shugabantar zangon yana ta maimaita mini, "Mama, wallahi ya samu sauƙi da dare, ya daina rawar ɗari, ya yi barci." Na taɓa cikin yaron na ji shi kamar randa. Ga abin da ya faru: ruwa ya kama su a hanyar komawa daga dutse, suka iso da magariba sharkaf, itace ya jiƙe, ba a dafa kome ba. Kayan yaron duk sun jiƙe a jaka, sai ya kwanta da wandon jins ɗinsa a kan tabarma a ƙasa. Bai gaya wa kowa ba. Allah ya taimake mu ya farfaɗo, bayan kwana biyu ya koma gida da ƙafarsa. Ban ga laifin saurayin nan ba, ya kwana bai runtsa ba saboda yaran. Ba wanda ya taɓa gaya masa cewa daina rawar ɗari ba sauƙi ba ne.

Ku riƙe wannan. Rawar ɗari hanya ce da jiki yake hura wa kansa wuta. Yaron da yake makyarkyata, haƙora suna haɗuwa, yana gunaguni, jikinsa yana kokawa tukuna. Wanda ya kamata ya tsorata ku shi ne wanda ya yi shiru. Yana tafiya yana tuntuɓe kamar mai maye, harshensa ya yi nauyi, yatsunsa sun kasa sa maɓalli, ka tambaye shi sunan unguwarsu ya tsaya yana kallonka. Sai barci yake so. Wani ma har ya fara cire riga. Idan makyarkyata ta tsaya alhali yaron bai ɗumama ba, ba maganar jira gari ya waye.

Kuma kada ku jira su faɗa da bakinsu. Saurayi ɗan shekara 15 ya gwammace ya daskare da a ce shi rago ne a gaban 'yammata. Yarinya kuma kunya za ta hana ta cewa zanenta ya jiƙe, musamman idan tana al'ada. Shi ya sa dole a sami mace babba a cikin masu kula, kuma ku riƙa zagayawa kuna tambaya ɗaya bayan ɗaya, kuna taɓa riga da hannunku. Da tsakar dare ma a sake zagayawa da tocila.

Abin da za ku yi

Ku shigar da yaron inda ruwa da iska ba sa kai wa. Ku cire masa jiƙaƙƙun kaya duka, ku tsane jikinsa, ku sa masa busassu, ku rufe kansa. Kada ya kwanta a ƙasa kai tsaye, domin ƙasa tana shan ɗumi. Ku shimfiɗa leda, ku ɗora jakunkuna ko katifa ko bargo a kai. Ƙirji da ciki da hammata ake fara ɗumamawa. Kwalbar ruwan ɗumi da aka naɗe a tsumma tana aiki. In babu, ɗan'uwansa namiji ya shiga bargo ɗaya da shi, mace kuma da mace. Idan yana cikin hankalinsa, yana iya haɗiya, ku ba shi shayi mai sukari ko kunu mai ɗumi. Wanda yake magagi ba a ɗura masa kome, zai shaƙe.

Kada ku murza masa hannu da ƙafa, kada ku tsoma shi a ruwan zafi, kada ku manna shi da wuta, fatar da ta yi sanyi tana ƙonewa mai ita bai ji ba. Giya kuwa ba magani ba ce, tana sa mutum ya ji ɗumi alhali jikinsa yana ƙara zubar da shi. Wanda ya rikice, ku ɗauke shi a hankali a kwance, ba jijjiga, ku kawo shi asibiti a naɗe.

Akwai kuskure ɗaya da tausayi yake jawowa. Yara suna jin sanyi, sai a hura gawayi a kurfoti a shigar cikin tanti ko ɗakin aji, a rufe ƙofa da taga. Gawayi yana fitar da wata guba mai bin iska, ba ta da wari, ba ta da launi. Takan fara da ciwon kai da jiri da tashin zuciya, masu barci kuwa ba sa farkawa. Wutar gawayi a waje take zama, ko a rumfar da iska take ratsawa. Janareta ma haka.

Yara masu sikila suna bukatar ido na musamman. Sanyi da jiƙewa da ƙishirwa da wahalar tafiya, kowanne yana iya tayar musu da ciwon ƙashi. Masu fuka su zo da maganin shaƙarsu a aljihu, ba a ƙasan jaka ba. Mai farfaɗiya kada ya je bakin ruwa shi kaɗai. Iyaye da yawa suna ɓoye irin waɗannan don kada a hana ɗansu zuwa, saboda haka ku same su a keɓe ku tambaya, ku kuma tabbatar musu ba korar yaron za a yi ba.

Tsawa da rafi

Tanti ba ya kare kowa daga aradu, rumfar tamfol ma haka. Idan kun ga walƙiya ku fara ƙirga. Ƙara tana tafiyar kilomita ɗaya a cikin daƙiƙa uku. In tsawa ta biyo baya kafin ku kai 30, hadarin yana kusa da zai iya kai muku. Ku sauko daga dutse, ku fita daga ruwa, ku bar gindin itacen da yake tsaye shi kaɗai a fili. Makiyaya sun san yadda aradu take kwantar da shanu da yawa a gindin itace guda. Gini mai bango da rufi, kamar majami'a ko aji, ko mota mai rufin ƙarfe da aka rufe gilasanta, su ne mafaka. In babu ko ɗaya, ku nemi wuri mai gangare wanda ba hanyar ruwa ba, ku rarraba yaran da tazara, kada su cure wuri ɗaya, kada kuma su kwanta a ƙasa. Bayan tsawa ta ƙarshe a jira minti 30 kafin a fita.

Na sha jin ana cewa wanda aradu ta faɗa wa ba a taɓa shi sai an zuba masa nono. Babu wuta da ta rage a jikinsa. Ku taɓa shi nan take. In ba ya numfashi, ku danna tsakiyar ƙirjinsa da ƙarfi sau 30, ku hura masa iska a baki sau 2, ku ci gaba ba tsayawa. Minti biyun da za a ɓata wajen neman nono su ne ransa.

Ƙoramun da suke gangarawa kogin Vina da sauran rafukan tudun nan suna cika cikin ɗan lokaci, ko da ba a yi ruwa a inda kuke ba, domin an yi shi a sama. Rafin da kuka tsallake da safe a idon sawu, da yamma wani abu ne dabam. Ruwa mai gudu da ya kai gwiwa yana kayar da babba, balle yarinya mai jaka a ka. In ya yi ja, yana ɗauke da kara da itace, ku zauna ku jira ya janye ko da za ku kwana a ƙauyen da ke tsallake. Kuma ba a kafa tanti a busasshen rafi ko a bakin gaɓa, kome kyan yashin wurin.

A ganina aikin da ya fi wuya ga mai kula shi ne ya ce, "Mun fasa." An tara kuɗi, an yi hayar mota, yara suna ɗoki, wani dattijo yana cewa ai Allah zai tsare. Zai tsare, amma shi ya ba ku ido ku ga hadari ya haɗu a gabas. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Tun kafin ku bar gida ku zaɓi mutum ɗaya wanda in ya ce a koma, an koma, ba gardama a gaban yara. Ku je ku ga wurin tun da wuri, ku gaida mai gari, ku roƙi aji ko majami'a da za ku fake, ku san asibitin da ya fi kusa da mai babur ɗin da zai amsa waya da dare, ku duba ko wayar tana kamawa a can ma.

Kowane yaro ya ƙulle kaya ɗaya a cikin leda, da rigar sanyi da hula, ba a buɗewa sai za a kwanta. Ku duba da idonku kafin a hau mota. Ku riƙe ashana a leda, da abincin da ba ya bukatar wuta: gyaɗa, ƙuli-ƙuli, dabino, garin rogo da sukari. Ruwan sha a tafasa shi. In zawo ya kama wani, a zuba sukari ƙaramin cokali 6 da gishiri rabin ƙaramin cokali a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ya riƙa kurɓa. A kwana a gidan sauro.

Ranar da kuka mayar da yaran, ku gaya wa iyaye cewa zazzaɓin cizon sauro ba ya nunawa sai bayan kwana bakwai ko fiye. Duk yaron da jikinsa ya yi zafi a makonnin da suka biyo bayan zango, a kawo shi a gwada jininsa a ranar.