Aikin Tur a Garwa: Yadda Ake Farfaɗo da Bulok ɗin Babur

Duk wanda ya san garin Garwa ya san cewa babur ne jakin talaka. Shi ke kai yara makaranta, shi ke ɗauko kaya daga kasuwa, kuma da shi magidanta da yawa suke ciyar da iyalansu. To amma ranar da babur ya fara fitar da hayaki, yana shan baƙin mai, ya kasa hawa tudu, sai hankalin mai shi ya tashi. Idan bakanike ya kwance injin ya ce bulok ya cinye, saura abu biyu: ko a sayi sabo, ko a nufi wurin mai tur.

Tur dai, kamar yadda ake kiransa da Faransanci, inji ne da ke juya ƙarfe yayin da wata 'yar wuƙa mai tauri take sassaƙarsa. Darajar masu wannan sana'a ta ƙaru tun daga watan Janairu na 1994, lokacin da aka karya darajar sefa da rabi, kayan gyara na ƙasashen waje suka yi tsada. Ko bayan da baburan Sin da Indiya suka cika gari, ba a daina neman su ba, domin har injinan ban-ruwa na masu lambu a bakin kogin Binuwai da ƙananan janareto wurinsu ake kaiwa.

Me ke cinye bulok? A cikin raminsa ne fistin ke hawa da sauka sau dubbai a minti guda. Ƙurar hunturu da ta kuɓuce wa matatar iska takan haɗu da mai ta riƙa goge bangon ramin kamar yashi. Ga zafin Maris da Afrilu da kan haura digiri 40, ga kuma fetur na bakin hanya, wato zuwa-zuwa, wanda wani lokaci ake gauraya shi. Cin ya fi yawa daga sama, inda ringi ke juyawa, saboda haka sai ramin ya buɗe ta can, ya kuma daina zama da'ira sosai. Sabon ringi ba ya maganin wannan.

Gwanin mai tur ba ya taɓa bulok sai an kawo masa fistin da za a sa. Masana'antu sukan yi fistin mai ƙarin faɗi mataki-mataki: milimita 0.25, da 0.50, da 0.75, har 1.00. Alal misali, faɗin ramin Honda CG125 milimita 56.5 ne, borin na farko zai kai shi wajen 56.75. Zai auna fistin, ya ɗaure bulok a fuskar tur, ya kafa agogon awo yana juyawa a hankali har ramin ya daidaita da tsakiyar injin. Nan ne wuyar aikin take, domin in an ɗaura shi a karkace, ramin ma a karkace zai fito. Daga nan sai ya zura sandar wuƙa, yana ɗebe ƙarfen kaɗan-kaɗan, yana tsayawa yana awo. Abin da aka sassaƙe ba ya komawa.

Kafin ya kai ma'aunin ƙarshe zai dakata, ya ƙarasa da duwatsun wasawa. Su ne ke barin 'yan layuka masu gicciye juna a bangon ramin, waɗanda ke riƙe mai. Tazarar da ake bari tsakanin fistin da bango ba ta kai kaurin gashin kai ba. In ta yi kaɗan, fistin zai kumbura da zafi ya kame. In ta yi yawa, ga ƙara, ga hayaki, kuɗi sun tafi a banza. Idan kuwa bulok ya ƙure matakansa, akan ɗumama shi a cusa masa sabon bututun ƙarfe, wanda Faransawa ke kira riga, a sake borin daga farko.

Don haka muna jan hankalin 'yan'uwanmu masu babura. Kada ku tsaya a kan mai tur kuna azalzalarsa, ko da rashin wutar lantarki ya jinkirta aikin. Sannu ba ta hana zuwa. Ku sa a wanke bulok da ruwan sabulu har sai farin tsumma ya fito fes, don ɓurɓushin dutse kan cinye sabon ringi cikin 'yan kwanaki. Bayan an ɗaura, a lallaɓa injin, ban da gudu da lodi mai nauyi, a kuma canza baƙin mai da wuri.

Iyaye kuma su sani cewa wannan sana'a tana buƙatar yaro mai haƙuri wanda ya iya lissafi. Ɗan da ya yi makaranta bai fi ƙarfinta ba. Allah ya yi wa nema albarka, amin.