Injin Finbol a Gidan Iyali: Tsoho Ko Sabo?

Finbol wasa ne da ake yi a kan wani dogon akwati mai ƙafa huɗu wanda aka rufe samansa da gilashi, aka kuma ɗan karkato filinsa zuwa wajen mai wasa, ta yadda ƙaramin ƙwallon ƙarfe mai nauyin gram 80 zai riƙa gangarowa yana bugun shingaye da fitilu yana tara maki. Aikin mai wasa shi ne ya hana ƙwallon faɗawa ramin da ke ƙasa, ta hanyar latsa maɓallai biyu a gefen akwatin waɗanda ke motsa wasu 'yan sanduna biyu da ake kira filifa. An ƙera waɗannan injuna ne tun asali domin shaguna da wuraren shaƙatawa, inda ake jefa kuɗi kafin a yi wasa, amma a yau da yawa daga cikinsu gidajen mutane suke komawa, musamman a Amurka da Turai, kuma tambayar farko da mai saye kan fuskanta ita ce ko tsohon inji zai nema ko sabo.

Kalmar "tsoho" a nan ta ƙunshi zamuna daban-daban waɗanda bai kamata a haɗa su a ƙwarya ɗaya ba. Sana'ar ta kafu ne a birnin Chicago a farkon shekarun 1930, lokacin da David Gottlieb ya fitar da Baffle Ball a 1931, sai dai injunan wancan lokaci ba su da filifa, sa'a ce kawai ke juya ƙwallo, abin da ya sa hukumomi suka ɗauke su a matsayin caca, har birnin New York ya haramta su daga 1942 zuwa 1976. Filifa ta fara bayyana a 1947 a injin Humpty Dumpty na kamfanin Gottlieb, kuma daga nan ne gwaninta ta shigo cikin wasan. Injunan da aka ƙera daga wannan lokaci zuwa wajen 1977 ba su da kwamfuta ko kaɗan: makunnai ne na ƙarfe, da wayoyi masu ɗimbin yawa, da wani ɗan inji mai juyawa, su ke lissafa maki suna kaɗa ƙararrawa. Bayansu aka shiga zamanin allon lantarki, wanda ya kai ƙololuwarsa a shekarun 1990 a hannun kamfanin Williams da ke riƙe da sunan Bally, inda injin The Addams Family na 1992 ya sayu fiye da guda 20,000, kuma babu wani inji mai filifa da ya kai shi sayuwa.

Wannan bunƙasa ba ta daɗe ba, domin an daina ƙera injunan Gottlieb a 1996, Williams kuma ya fita daga sana'ar a 1999, aka bar Stern Pinball kusan shi kaɗai har zuwa 2013, lokacin da Jersey Jack Pinball ya fito da The Wizard of Oz mai allo irin na talabijin. Ma'anar wannan tarihi ga mai saye ita ce, duk wanda ya sayi tsohon inji ya sayi kayan kamfanin da ya daina ƙera shi shekaru da dama da suka wuce, ba shi da garanti, ba shi kuma da ofishin da zai kai kuka.

A nan ne ainihin maganar take, domin finbol inji ne da yake cin kansa yayin da ake wasa da shi. Ƙwallon ƙarfe yana dukan roba da katako da sauri sau ɗaruruwa a kowane wasa, don haka robobi kan tsufa su tsage, fitilu su mutu, filifa ta yi rauni, waya ta tsinke daga inda aka liƙa ta da dalma. Wannan yana faruwa ga tsoho da sabo baki ɗaya, bambancin kawai shi ne yawan faruwarsa da kuma wanda zai gyara. Injin da ya kai shekara hamsin yana da wata fa'ida da ba a cika lura da ita ba, wato kusan duk abin da ya lalace a cikinsa ido yana iya ganinsa, kuma mai haƙuri da ya koyi karanta taswirar wayoyinsa zai iya gyara yawancin matsalolinsa ta hanyar goge bakin makunni da daidaita shi. Injunan shekarun 1980 da 1990 kuwa suna da wata cuta da ta zama ruwan dare: batiran da ke riƙe musu bayanai suna zaune ne a kan babban allon lantarki, idan aka manta da su sai su yi yoyo, ruwansu ya cinye layukan allon. Wanda bai buɗe akwatin da ke tsaye a bayan injin ya duba wannan wuri ba kafin ya biya kuɗi, ya yi cinikin biri a sama.

Akwai masu zaton cewa tsoho shi ne mai araha, kuma hakan gaskiya ne ga yawancin injunan zamanin makunnai, amma ba haka abin yake ga fitattun injunan 1990 ba, waɗanda masu tara su suka ɗaga farashinsu har wasu suka kai ko suka wuce na sabo. Saboda irin wannan nema ne kamfanin Chicago Gaming ya sake ƙera Medieval Madness, wanda asalinsa na 1997 ne, da sababbin kayan lantarki. Sabon injin Stern mafi sauƙi yana kamawa daga wajen dala 7,000, manyan nau'o'insa kuma suna haura dala 10,000, kuɗin da ke zuwa da garanti, da kayan gyara a kasuwa, da fitilu marasa zafi, da manhajar da kamfani ke sabuntawa. Iyalin da ba su da mai sha'awar riƙe sukudireba, kuma babu makanikin finbol kusa da su, sabo ne ya fi dacewa da su ko da ya fi tsada, domin babu abin takaici kamar inji mai nauyin fiye da kilo 100 da ya mutu ya tare rabin falo.

Duk da haka, sabo ba ya cin nasara ta kowace fuska. Dokokin injunan zamani suna da zurfi ƙwarai, matakai ne a kan matakai waɗanda babba zai yi watanni bai ƙure su ba, abin da ke hana gundura a gidan da inji ɗaya ne tak, amma yaro ƙarami ko tsoho kan rasa inda wasan ya dosa. Tsohon injin zamanin makunnai kuwa filinsa bai cika gangara ba, ƙwallonsa yana tafiya a hankali, kuma kowa yana gane abin da ake nema cikin minti ɗaya, shi ya sa ya fi saurin tara jikoki da kakanni a wuri guda. Sai dai ƙararrawarsa da bugun ƙarafansa ba su da maɓallin rage murya, alhali sabo ana iya sassauta lasifikarsa da dare, ko da yake bugun filifa ba ya ɓoyuwa.

Dole ne kuma a auna ɗaki da ƙofa kafin ciniki, domin tsayin injin zuwa sama ya kusa mita biyu, tsawonsa kuma ya kai kusan mita ɗaya da rabi, ban da wurin tsayuwar mai wasa. Akwatinsa na katako ne da danshi ke kumbura shi, zanen gilashin bayansa kuma yana ɓarewa idan zafi da sanyi suna yawan sauyawa a kansa. Wanda zai shigo da shi daga Amurka zuwa ƙasar da ƙarfin wutarta ya kai 220 ko fiye, kamar Najeriya da Nijar, sai an daidaita masa taransifomarsa tukuna kafin a jona shi, sannan a sa masa na'urar kare shi daga hawa da saukar wuta, domin allon lantarkin tsohon inji idan ya ƙone, samun madadinsa yana iya ɗaukar watanni.