Taswirar Ƙasa da Neman Ruwa a Wuraren Kiwo

A arewacin Borno da Yobe, ciyawa komai yawanta ba ta amfanar makiyayi idan babu mashaya kusa da ita. Saboda haka kafin a keɓe gandun kiwo, ko a shata burtali, ko a haƙa rijiya, wajibi ne a duba taswirar da ma'aikatan safiyo suka zana, wadda ke nuna tudu da kwari.

Abu na farko shi ne ma'auni. Idan an rubuta 1:50,000, to, santimita 2 a takarda daidai suke da kilomita 1 a ƙasa. Da wannan ake sanin nisan da shanu za su taka daga makiyaya zuwa ruwa.

Na biyu, akwai siraran layuka masu launin ƙasa. Kowane layi ya haɗa wuraren da tsayinsu ɗaya ne daga teku. Inda suka matsu da juna, gangara ce. Inda suka yi nesa, ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce. Inda kuwa suka lanƙwasa kamar kan mashi, tsininsu na fuskantar tudu, nan ne kwarin da ruwan sama ke bi. A irin wannan wuri ake gina madatsar ƙasa, kuma sau da yawa rijiya ba ta yin zurfi.

Na uku, launin shuɗi alamar ruwa ne. Layin da bai yanke ba yana nufin kogi mai gudu dukan shekara. Mai tsinke-tsinke kuwa ƙorama ce wadda ke ƙafewa da rani.

Amma fa a lura da shekarar da aka zana taswirar. A 1963 faɗin Tafkin Chadi ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000, sa'an nan farin 1973 da na 1984 suka janye shi ƙwarai. Wanda ya dogara ga tsohuwar taswira yana iya kora garke zuwa busasshen fili.

Don haka ana jawo hankalin ma'aikata da su riƙa zagaya kowane tafki da kansu a tsakiyar bazara, su kuma tuntuɓi arɗo da mai unguwa, domin su ne suka san watan da ruwan ke ƙarewa.