Cacar Lamba: Wa Ke Riƙe da Akalarta?

Duk ranar 22 ga Disamba, mutanen Sifaniya kan wuni manne da talabijin. Yaran makarantar San Ildefonso ta birnin Madrid ne ke karɓar ƙananan ƙwallayen katako da ke faɗowa daga wasu manyan ganguna biyu, suna rera lambar da ta fito da kuɗin da ta ci. Tun 1812 ake wannan cacar ta Kirsimeti, wadda ake kiran babbar kyautarta El Gordo, kuma gwamnati ce mai ita kacokan. Kashi 70 cikin ɗari na cinikin tikiti ake rabawa masu sa'a. Da yake lamba guda akan yayyanka ta a sayar wa mutane da yawa kan yuro 20, sai ka ji unguwa ɗaya ko ƙauye guda sun ci tare.

Birtaniya ba ta yi haka ba. Da ta buɗe cacarta ta ƙasa a 1994, sai ta ba kamfani ɗaya tilo lasisi, hukuma kuma ta koma gefe tana sa ido. Kamfanin Camelot ya riƙe lasisin kusan shekara talatin kafin Allwyn ya karɓe shi a Fabrairun 2024. Doka ta tilasta ware wani kaso, kusan rubu'in ciniki, don wasanni da al'adu da ayyukan jin ƙai. An ga tasirin kuɗin a fili: a gasar Olamfik ta 1996 zinariya ɗaya tak Birtaniya ta samo, amma bayan an fara ɗaukar nauyin 'yan wasa da kuɗin caca, a 2012 ta kwashi 29. A 2021 kuma aka ɗaga shekarun mai sayen tikiti daga 16 zuwa 18.

A Amurka kowace jiha gashin kanta take ci. New Hampshire ce ta fara a 1964, yanzu jihohi 45 na da tasu. Cikin biyar da suka ƙi akwai Utah, inda aƙidar mabiya cocin Mormon ta hana, da kuma Nevada, jihar Las Vegas, inda gidajen caca ba sa maraba da kishiya. Jihohin kan haɗa hannu a wasa irin Powerball, wanda a Nuwamban 2022 wani tikiti da aka saya a Kalifoniya ya ci dala biliyan 2.04. Abin da ba a cika faɗa da ƙarfi ba shi ne, damar cin babbar kyautar ɗaya ce cikin miliyan 292. Wanda ya ci ma sai gwamnati ta yanki haraji, saɓanin Birtaniya inda ake miƙa masa kuɗinsa cif.

A nan ne abin ke da ciwo. Dokokin waɗannan ƙasashe sun ƙware wajen tabbatar da cewa ba a yi maguɗi wajen zaren lamba ba, kuma an biya wanda ya ci. Sun fi rauni a kan tambayar aljihun wa ake tatsa. Mai ƙaramin ƙarfi ne ke kashe kaso mafi tsoka na abin da yake samu a kan tikiti, sannan gwamnatin da ya kamata ta tsawata masa ita ce mai cin riba, wani lokacin ma ita ce mai tallar. Jihar Jojiya ta Amurka tana biyan kuɗin karatun ɗalibai da ribar caca tun 1993, aiki mai kyau, sai dai ba lallai 'ya'yan masu sayen tikitin ne ke amfana ba.

Wasu ƙasashen kuwa hani suka zaɓa. Saudiyya ta haramta caca gaba ɗaya bisa shari'ar Musulunci. Chaina ta hana sauran cace-cace a babban yankinta, ta bar guda biyu na gwamnati, ta walwalar jama'a da ta wasanni.

Najeriya ta kafa hukumar tarayya mai kula da wannan harka da dokar 2005, amma Legas ta garzaya kotu tana cewa hurumin jihohi ne. A Nuwamban 2024 Kotun Ƙoli ta ba Legas gaskiya, ta taƙaita ikon dokar ga Abuja kaɗai. Yanzu Legas na ba da lasisi tana karɓar haraji, Kano kuwa, inda Hisbah ta riga ta rufe shagunan caca, tana da damar hanawa. Sai dai yawancin cacar yau a wayar hannu ake yin ta, kuma matashin da ke Fagge a Kano na iya zuba kuɗinsa a kamfanin da aka yi wa rajista a Ikeja ta Legas ba tare da ya taka ƙofar shago ba.